Yadda Ake Yanka Gangirwal Zango-Zango

Kafin a ɗaga ƙafa daga ƙauyen Gashaka, akwai wani aiki da jagora yake yi wanda baƙo kan ɗauka ɓata lokaci ne kawai. Zai sa a zube kayan tafiya kaf a ƙasa: buhun shinkafa, garin masara, galan ɗin mai, tukwane, tanti, barguna, da jakunkunan baƙi. Sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗagawa, ya jinjina, ya ajiye. Babu sikeli, hannunsa ne ma'auni. Ya zare gwangwani biyu daga wannan ƙunshi ya tura cikin wancan, ya dubi ɗan dakon da zai ɗauka tun daga wuya har diddige, ya sake ragewa. In ya ci karo da takalmi na uku a jakar baƙo, sai ya ce cikin ladabi, "Yallaɓai, wannan ya jira mu a nan. In Allah ya dawo da mu lafiya za ka same shi." Wanda ya tsaya gardama, a rana ta biyu shi da kansa zai fara waige-waigen inda zai jefar.

Wurin da ake wannan shiri shi ne gandun dajin Gashaka-Gumti, mafi girma a cikin gandayen dajin ƙasa na Najeriya, mai faɗin da ya haura murabba'in kilomita 6,400, a jihohin Taraba da Adamawa, jingine da iyakar Kamaru. A 1991 aka haɗe tsofaffin gandayen Gashaka da Gumti aka ba su wannan matsayi. Ɓangaren arewa, wato Gumti, wanda ake shiga ta Toungo, shimfiɗaɗɗen daji ne irin wanda idon Bahaushe ya saba da shi. Kudu kuwa wata duniya ce dabam. Ƙasa ce da ta tattare kamar tabarmar da aka tura da ƙafa, kwari na bin tsauni, tsauni na bin kwari, har a kai Chappal Waddi, wanda ake kuma kira Gangirwal, mai tsayin mita 2,419. Babu wurin da ya fi shi tudu a duk faɗin Najeriya. Ana fassara sunansa da "dutsen mutuwa", kuma wannan suna kaɗai ya ishi wasu su fasa tun daga Serti, inda hedikwatar gandun take, inda ake karɓar izini a kuma haɗa baƙo da ma'aikacin gandun da zai raka shi.

Mai gaggawa yakan bi ta saman Mambila, ya ratsa Nguroje ya shiga ta wajen Njawai, inda mota ta riga ta cinye masa mafi yawan hawan. Wanda ya taso daga kwarin Gashaka kuwa, ya ƙulla tafiyar da za ta ci mako guda ko fiye, a ƙafa, ba kanti, ba asibiti, waya ma sai a kan wani tudu in an yi sa'a. Irin wannan tafiya ce take fito da gwanintar da nake son magana a kanta.

Ba sabon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sun san cewa ayari da tsarinsa: akwai madugu mai yanke shawara, akwai jagaba da ke gaba yana duba hanya, kuma tafiyar wata da watanni ba a haɗiye ta gaba ɗaya, yanka ta ake yi zango-zango. Jagoran Gangirwal madugu ne kuma jagaba a jiki guda. Babban abin da ya sani, wanda taswira ba ta faɗa, shi ne inda ya kamata yini ya ƙare. Zango sai da ruwan sha, sai da itacen wuta, sai da fili mai ɗan tudu da za a kafa tanti, kuma sai an isa da sauran rana. Wuraren da suka haɗa waɗannan abubuwa huɗu ƙidayayyu ne, ba kuma a jere suke daidai da gajiyar mutum ba. Wata rana za a sauka tun azahar alhali ƙafa na da sauran ƙarfi, baƙo ya yi ta ƙorafi. Jagora ya san cewa daga nan sai an yi hawan awa biyar kafin a sake ganin ruwa, kuma wanda magariba ta kama a tsakiyar wannan hawa zai kwana a karkace da ƙishirwa.

Turawa suna da nasu lissafin. Wani ɗan Sikotilan mai hawan duwatsu, William Naismith, ya tsara ƙa'ida a 1892: a ba kowace kilomita 5 awa ɗaya, a ƙara awa ɗaya a kan kowace mita 600 ta hawa. Ƙa'idar tana da amfani, har yau ana aiki da ita. Sai dai ba ta san da ciyawar da ta fi mutum tsawo ba, ba ta san rafin da ya kawo jiya da dare ba, balle baƙon da ya ɓoye cewa cikinsa ya ɓaci. Jagora da lokutan salla yake nasa lissafin. "Mu tashi da asuba, hantsi ya same mu bakin ruwa, azahar a gindin dutse, la'asar mun sauke." Yakan kuma bar wani ɗan rara a aljihu wanda ba ya faɗa wa kowa. In ka tambaye shi saura nawa, zai ce, "Mun kusa." Wannan "mun kusa" tana iya zama rabin awa, tana iya zama awa uku, kuma na daina kiranta ƙarya. Magani ce da yake bayarwa daidai ƙarfin majinyaci.

Sai taku. Baƙo mai jini a jika yakan fita da safe kamar an sako ɗan maraƙi, ya wuce kowa, ya tsaya can gaba yana haki yana jiran a iso. Jagora ba ya tanka masa. Shi dai takunsa gajere ne, iri ɗaya, a fili da hawa duk ɗaya, kuma ma'auninsa shi ne mutum ya iya hira yana tafiya. Da zarar hira ta ɗauke a ayari, ya san an yi sauri. A hawa mai tsini ba ya miƙewa sak, sai ya riƙa karkata dama da hagu kamar yadda shanu suke yi, don saniya ba ta taɓa hawa dutse a miƙe ba, ita kuwa ta fi kowa sanin nauyin jikinta. Masu rakiya a dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya, mai mita 5,895, suna da kalmar da suke nanata wa baƙi da Sawahilanci, "pole pole", wadda ba ta da wata ma'ana sai tamu ta sannu-sannu kwana nesa. A can ƙarancin iskar shaƙa ne yake tilasta wa mutum. Gangirwal bai kai tsayin da ciwon tudu ke kama yawancin mutane ba. Abin da yake kayar da mutum a nan shi ne maimaici: ka hau ka sauka, ka sake hawa abin da ka sauka, yau da gobe da jibi. Kuma ba da takun mai ƙarfi ake auna ayari ba. Tun ranar farko jagora ya gano wane ne mai rauni, ya sa shi a bayansa kai tsaye, ba tare da ya bari mutumin ya gane dalili ba.

Ni dai inda na fi jinjina musu shi ne bakin ruwa. Gandun nan matattarar ruwa ce. Kogin Kam, da na Gashaka, da Gamgam, da ƙananan rafuka marasa adadi, daga waɗannan tsaunuka suke gangarowa su shiga kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai. Gada kuwa kusan babu. Shi ya sa ake yin tafiyar da rani, daga Disamba zuwa Maris, domin da damina rafin da yaro ke tsallakewa yana iya zama abin da ba mai tunkararsa. Amma ko da rani ba a raina ruwan dutse. Jagora zai tsaya a gaɓa ya yi shiru yana kallo, kamar mai karanta wasiƙa. Launi yake dubawa da farko: ruwan da ya yi ja, yana tafe da ganye da karmami, an yi ruwan sama a can bisa ko da nan rana ake ƙwallawa, kuma yana iya ƙaruwa kana tsakiyarsa. Sannan ya dubi fuskar ruwan. Inda ya yi lumui ya yi duhu, zurfi ne. Inda yake tafasa fari, duwatsu ne da ƙarfi. Mashigi yana inda kogi ya baje ya yi faɗi, yana 'yar rawa a kan tsakuwa, ko da hakan na nufin a bi gaɓa a yi zagaye mai nisa. Baƙo yakan nuna inda ya fi ƙunci ya ce ai nan ya fi kusa. Inda ruwa ya matse nan ya tara ƙarfinsa.

Zai sari sanda doguwa ya shiga shi kaɗai tukuna, ba kaya. Fuskarsa na kallon inda ruwa ke fitowa, sandar a gaba ta zama ƙafa ta uku, yana jan ƙafa a ƙasa maimakon ɗagawa, kuma ba ya motsa biyu a lokaci guda. In ruwa ya wuce cinya yana kuma da gudu, sai ya juyo ya nemi wani wuri, ko ya ce a sauke a dafa shayi a jira ya janye. In ya gamsu, sai ya jera 'yan dako a ƙasan mashigin kamar shinge, don wanda ya zame ya sami hannun da zai cafke shi. Zai ce wa baƙo ya kwance ɗamarar jakarsa ta ƙugu, saboda jakar da aka ɗaure tam ita ce take danne mai ita a ruwa, kuma kada ya cire takalmi, don duwatsun ƙasa suna da santsi da kaifi. "Kada ka kalli ruwan, Malam, kalli bishiyar can." Mai kallon ruwa mai gudu jiri ke ɗibarsa. 'Yan dako su kuma su bi da kaya a ka, bisa gammo, wuya a miƙe, hannu ɗaya a sake, su haye kamar a tsakar gida. Yawancinsu takalmin roba ne a ƙafarsu, irin na kasuwar ƙauye, wanda yake bushewa kafin a gama gaisawa, yayin da takalmin baƙo mai tsada zai yini yana tsiyaya.

A cikin kurmi kuma hanci da kunne ne suke aiki, don ido ba ya ganin nesa. Kurmin Gashaka gida ne na wani jinsin biri mai kama da mutum, cimfanzi, irin wanda ba a samunsa sai a Najeriya da Kamaru, kuma saboda shi ne masana daga jami'ar UCL ta Landan, ƙarƙashin Farfesa Volker Sommer, suka kafa sansanin bincike a Kwano a shekara ta 2000. Da wuya baƙo ya ga biran da idonsa. Jagora ne zai nuna masa sheƙar da suka saƙa da rassa a saman bishiya suka kwana, ya faɗa masa ta jiya ce ko ta makon jiya daga yadda ganyen ya yi yaushi, ko ya tsinci 'yan tsinkayen da suka fere suka zura a rami don ciro zuma ko tururuwa. Mutanen ƙauyukan nan da suka yi shekaru suna bin masu bincike sun haɗa ilimi biyu, na gado da na littafi, har za ka ji mutum bai yi nisa a boko ba yana kiran tsuntsu da sunansa na Latin. Tsuntsayen da aka ƙirga a gandun sun haura iri 500.

Ba don nishaɗi kaɗai ake wannan karatu ba. Kashin ɓauna mai ɗumi a kan hanya, ko tashin carki daga cikin ciyawa, yana nufin a tsaya cik, a yi magana da ƙarfi don ta ji ta kauce, domin ɓaunar da aka yi wa ba-zata ita ce mai kisa. Layin kwarkwasa da ya ratsa hanya, tsallake shi ake yi da sauri, ba a tsayawa kallo, kuma da dare akan zagaye zango da toka mai zafi don kada su shigo. Gungumen da ya faɗi a hanya, a kansa ake taka ƙafa a leƙa bayansa kafin a sauka, saboda kasa tana son irin wannan inuwa kuma ba ta gudu. Akwai kuma sawun da ya fi na dabba tayar da hankali: toka sabuwa inda ba zango ba ne, tarkon waya, kututturen madobiya da aka yanke. Mafarauta, da masu saran katako, da masu haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba, sun daɗe suna matsa wa gandun, kuma ma'aikatansa sun rasa rayuka a wannan aiki. Tun 2017 wata gidauniya mai suna Africa Nature Investors ta shiga haɗin gwiwa da hukumar gandayen dajin ƙasa wajen kula da shi da horar da masu sintiri. Mai sintirin da ke tafe da bindiga a bayan ayari ba ado ba ne.

Daga nan sai wata safiya kurmi ya ƙare kamar an yanke da wuƙa, a fito fili. Ciyawa gajera, tuddai a kwance har iyakar gani, 'yan kurmi a maƙale cikin kwazazzabai, iska kuma ta fara magana. Ba banza Fulani suka sa wa ɗaya daga cikin tsaunukan nan Chappal Hendu ba, wato dutsen iska. Duk mita 1,000 da aka hau, zafi na raguwa da kimanin digiri 6, tsakanin kwari da ƙololuwa kuwa akwai kusan mita 2,000. Mutumin da ya jiƙe sharkaf da gumi a ƙasa, in ya zauna da wannan rigar a sama cikin iskar hunturu, kafin ya ankara haƙoransa sun fara kaɗawa. Don haka abu na farko da jagora yake cewa in an sauke shi ne a canja riga, tun kafin a nemi abinci. Tanti kuma ba ya kafa shi a ƙasan kwari ko da ya fi lumui, don sanyi ruwa ne, gangarowa yake da dare ya taru a rami. Ba ya kuma kafawa a kan tsini inda iska za ta yi awon gaba da shi. Tsakiya yake nema, bayan wani dutse ko gefen kurmi.

A saman nan akwai mutane. Lokacin da aka shata gandun an bar wasu yankuna da mazaunansu a ciki, irin su Selbe da Filinga da Hendu, inda Fulani suke kiwo saboda tudu ya raba shanunsu da ƙudan tsando, manoma kuma suna shuka masara. A nan wata gwanintar take fitowa, wadda ba ta da alaƙa da ƙafa. Ba a faɗa wa ruga kai tsaye da ayari. Jagora zai tsayar da mutane daga nesa, ya je shi kaɗai ya yi sallama, ya durƙusa ya gaida Arɗo ko Jauro da Fulatanci, a tambayi lafiyar iyali da ta shanu, ya miƙa ɗan goro ko sukari da ganyen shayi, sannan ya faɗi abin da ya kawo su. Da ɗan gari akan ci gari. A cikin wannan gaisuwa da baƙo yake gani ta yi tsawo ake jin wane rafi ne ya ƙafe bana, wace hanya ce zaizaya ta cinye, an ga baƙin fuska a wane kwari. Sau da yawa a tashi da ƙwaryar kindirmo, wani lokaci da saurayin da zai raka su zuwa zango na gaba, don jagoran kirki ya san inda saninsa ya tsaya, ba ya kuma jin kunyar ɗaukar wanda ya fi shi sanin wannan yanki.

Daren zango kuwa na duba ƙafa ne. Bayan an yi sallar ƙasaru an ci tuwo, sai ya zaga da tocila yana cewa kowa ya cire safa. Bororon da aka tare tun yana ɗan ja, filasta ce maganinsa. Wanda aka ɓoye saboda kunya har ya fashe ya ruɓe, shi ne yake mayar da ayarin mutum goma baya. Yana lura da wanda ya bar abinci a kwano, da wanda ya daina wasa, da wanda bai taɓa gorar ruwansa ba tun hantsi, ya dama masa gishiri da sukari ya tsaya a kansa sai ya shanye. Ruwan sha kuma tafasa shi ake yi ko a sa masa magani, komai kyan rafin a ido, musamman a ƙasan inda shanu ke sha.

Ranar ƙololuwa gajeriyar magana ce. Ana tashi da duhu, saboda gajimare da hazo sukan rufe saman in rana ta ɗaga. Hangen Dala ba shiga birni ba: tudun da kake rantsuwa shi ne na ƙarshe, kana hawa sai wani ya leƙo daga bayansa. A can sama ƙafa ɗaya tana iya zama a Najeriya ɗaya a Kamaru, abin da ke tuna wa mutum cewa wannan yanki duka ya taɓa zama ƙarƙashin Jamusawa, har yau kufan ganuwarsu na nan kusa da ƙauyen Gashaka, kuma sai da ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 yankin ya shigo Najeriya ya zama lardin Sardauna. Jagora ba ya bari a daɗe. Akwai ma ranar da hazo zai sauko ya shafe hanya saura ƙiris a kai, ya ce a juya. Baƙon da ya kashe kuɗinsa da kwanakinsa zai yi fushi, ya roƙa, ya yi tayin ƙarin lada. A ganina babu wurin da ake gane gwani kamar nan, don ya fi sauƙi mutum ya ce "mu gwada" a yaba masa, da ya ce a'a a yi kwana uku ana tafe ba a yi masa magana.

Saukowa ta fi hawa cin mutum, ko da yake ba mai yarda sai ya gani. Gwiwa ce take karɓar nauyin jiki duk taku, yatsu na dukan bakin takalmi, hankali kuma ya riga ya tafi gida. Yawancin faɗuwa a nan take. Jagora yakan ƙara ɗaure wa baƙo igiyar takalmi, ya koya masa saukowa a karkace, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ya kuma ƙi ƙara sauri duk da kaya sun yi sauƙi kuma 'yan dako sun fara waƙa.

Haka har a dawo bakin kogin da aka haye ranar farko. Baƙo ya gane wurin, ga ma duwatsun murhun da aka dafa shayi. Ya naɗe wando zai faɗa, jagora ya tare shi da hannu.

"Haba Malam, ai nan muka bi ran Talata."

"Ruwan ran Talata ya kai Binuwai, Yallaɓai. Dakata in gani."

Ya sauke jakarsa, ya zaro adda, ya shiga gefen kurmi neman sanda.